Ranar da Randar Inna Ta Yi Magana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Inna kasuwar Maradun ba, ko da kuwa ina son mantawar, domin waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu, kuma har yau ba su gaji da ba da labarin ba. Gara in faɗa da bakina, ko na samu in rage ƙarin gishirin da ake yi mini (akwai masu cewa har suma na yi, wallahi ban suma ba, kusa dai na yi).

Inna mahaifiyata ce, ni ne autanta, kuma ginin tukwane ne sana'arta tun kafin a haife ni. Asalinmu wani ɗan ƙauye ne a wajen Gidan Goga. Da zama ya gagara muka tattara abin da ya ɗauku muka dawo Talata Mafara, muka kama haya, ni kuma na samu keken ɗinki kusa da tasha. Ba sai na tsaya ba da labarin abin da ya tashe mu ba, duk ɗan yankinmu ya san shi. Abin da zan faɗa kawai shi ne, tun daga lokacin, in na ji ƙarar babura da yawa sun taho a tare, tsoro ke kama ni kafin kaina ya yi tunani. Amma a baki ba a fi ni jarumta ba. In ana hira a shago ni ne mai cewa gudu ba na maza ba ne, ina faɗa ina taka keke, ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan titi.

Tun da muka dawo Mafara Inna ba ta sake gina babbar randa ba. Ƙananan tukwane take yi, da kaskon wuta, da tanda, da asusun yara. Yumɓun da ta saba da shi yana can ramin bayan ƙauyenmu, inda ba mai iya zuwa yanzu. Wanda ake kawo mata a buhu daga wajen Bakura kuwa, kullum cewa take bai san hannunta ba. Ga shi hannun nata ya fara ɗan rawa, musamman da safe. Ba ta taɓa faɗa mini ba, amma na san abin da ke cin ta: tana tsoron ginin ya bar ta ke nan.

Ana haka sai ga saƙo daga Goggo Hurera. Bafulatana ce, ƙawar Inna tun ina goye. Da can ita ke kawo mana nono da man shanu, ta tafi da tukunya. Duk 'ya'yanta mata da randar Inna aka kai su ɗakin miji, yanzu kuma autarta za a kai Bakura. Ta ce ita ba ta son durom ɗin roba a ɗakin 'yarta, ruwan roba ba ya kashe ƙishirwa. Randar hannun Inna take so, babba, a kai mata kasuwar Maradun.

Inna ta yi makonni a kan randar nan. Ta gina kaɗan ta rufe da tsumma mai laima, gobe ta ƙara. Ta hana kowa wucewa ta kusa, har kajin maƙwabta sai da suka san an kafa doka. Ran da aka gasa ta ba ta ci abincin kirki ba. Da ta huce, sai ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikinta. Ga wanda bai sani ba, haka ake gwada kayan yumɓu: lafiyayyar tukunya in an buga ta takan yi amo mai tsawo, ƙauuu, mai tsaga kuwa sai ta yi wani dum a taƙaice, ko da ido bai ga tsagar ba. Randar Inna ta yi amo har sai da matar gidan da muke haya ta leƙo. Na ga Inna ta juya baya tana gyara ɗankwali, na yi kamar ban ga idonta ba.

Randa ce ta gaske, ta kusa kai mini ƙirji, ga faɗin baki. Ni kuwa ɗan firit ne, irin mutanen da in sun sayi riga sai an rage (wannan bayanin zai yi amfani nan gaba, abin takaici).

Muka shiga a-kori-kura da sassafe, aka kwantar da randar a kan ciyawa, ƙananan tukwane kewaye da ita. Inna ta ƙi zama gaba, ta zauna baya ta rungume ta. Duk wanda ya bi hanyoyinmu a shekarun nan ya san yadda tafiyar take. Ana fita gari hira ke mutuwa. Kowa ya zuba wa daji ido, direba ya taka mota kamar an biyo shi, in an hango mutum tsaye a gefen hanya sai ka ji salati ƙasa-ƙasa. Ni na zauna a bakin ƙofar baya ina ta maza, amma duk kututturen da muka wuce sai na ga kamar ya motsa.

Wurin masu tukwane a gefen kasuwa yake, dab da hanyar da babura ke shigowa. Ni da direba muka sauke randar da nishi, muka kife ta a kan tsohuwar tayar mota a bayan tulin tukwane, yadda bakinta ba zai taɓa ƙasa ba. Bazara ce, rana tun hantsi ta fara duka. Ciniki ya ɗan yi, an sayi tanda, an sayi kasko. Sai dai wani mai sayar da igiya da ke kusa da mu ya ƙi barin zuciyata ta huta. Ya matso ya rage murya:

"Malam, kun ji labari? An ce jiya an ga mashina can ƙetaren gulbi. Da yawa. Ba a san inda sunka nuhwa ba."

Na ce, "Allah shi kyauta," na kuma yi dariyar da ni kaina ban yarda da ita ba.

Da aka kira azahar, Inna ta tashi za ta yi salla a gidan wata 'yar garinmu da ke bayan kasuwa. Matan da ke kusa da mu suka bi ta, mai igiya ma ya nufi masallaci. Ta tsaya a kaina ta nuna randar.

"Auta, ka tsare min randag ga. Kowa yaz zo ka ce mai an saye ta. Ko akuya kada ka bari ta goge ta. In na dawo kai ma ka tahi ka yi taka."

Na ce, "Haba Inna, ina nan mi zai taɓa ta?"

Ba ta daɗe da ɓacewa ba na ji ƙarar. Daga nesa ta fara, sannan ta cika kunne. Na miƙe na leƙa hanya. Babura ne a jere, kowanne da mutum biyu ko uku, sun ja rawani sun rufe hanci da baki. A bayan wasu an ɗaure wani abu dogo a naɗe. Kuma ba cikin kasuwa suka nufa ba, gefenmu suka karyo. Sai na ji tau! Na sake jin tau! Wata mata ta wuce da gudu tana kiran sunan ɗanta.

Daga nan ban san wanda ya karɓi ragamar jikina ba. Na duba gabas fili ne, yamma fili ne, ba wurin ɓuya. Randar da sai da mu biyu muka sauke da nishi, ni kaɗai na ɗaga gefenta, na cusa kai, na ja ƙafafu, ta koma ta zauna a kan tayarta da ni a ciki. Ba wanda ya gan ni, kowa hanya yake kallo.

Ban taɓa sanin duhu yana da nauyi ba sai ranar. Gwiwoyina a haɓa, bayana manne da jikin randar, kaina a sunkuye, ga warin hayaƙi da ƙonanniyar ƙasa. Zafi kuwa kamar an sa ni a tanderun burodi. Ɗan hasken da nake samu ta tsakanin taya da ƙasa yake shigowa, ta nan nake hango ƙafafun mutane kawai. Na fara addu'a. Duk addu'o'in tsari da na haddace tun ina allo suka watse, wadda ta zo bakina ita ce ta cin abinci, kuma ita na yi ta maimaitawa da iyakar gaskiyata.

Baburan suka tsaya a gaban kayanmu. Ba kusa da kayanmu ba, a gabansu. Aka kashe inji ɗaya bayan ɗaya. Na ga takalman roba suna sauka, suna zagaya tukwane. Na ji ana magana da Fulatanci. Allah ya yafe mini, harshen da na taso ina ji a tsakar gidanmu, harshen da aka yi mini wasa da shi ina yaro, ranar da na ji shi sai da na tsorata. Haka shekarun nan suka lalata mana kunne. Na tuna matata da ke da ciki a Mafara. Na tuna Inna, na ce yanzu za ta fito daga salla ta faɗa hannunsu, ni kuwa da aka bar wa tsaro ina nan a dunƙule. Na so in fita, na rantse na so, amma ko yatsa ban iya motsawa ba.

Takalma biyu suka zo suka tsaya dab da tayar. Sai na ji an buga randar daidai saitin kaina. Ƙwas, ƙwas. Ƙarfe ne, ba shakka. Na ce shi ke nan, bakin bindiga ne, sun ga lokacin da na shiga. Na runtse ido na fara kalmar shahada.

Sai muryar mace ta ce, "Ikon Allah. Ina maginiyar tat tahi tab bar kaya ba kowa?"

Na buɗe ido ɗaya. Na san muryar nan. Na ƙara kasa kunne, sai na ji abin da tsoro ya toshe mini tun ɗazu: mai rake yana ta kiran ciniki, rediyon mai shayi na yi, wani yana rantsuwa a kan kuɗin akuya. Kasuwa na ci lafiya lau. Goggo Hurera ce da 'ya'yanta da 'yan rakiyar sayen kayan ɗaki. Ƙarfen da ya bugi randa zoben azurfarta ne. Harbin da na ji kuwa salansar wani tsohon babur ce.

Mai hankali a nan zai yi gyaran murya ya ce a ɗaga, a yi dariya, a wuce wurin. Ni sai wani sabon tsoro ya sauko mini, wanda ya kusa fin na farkon. Na hango kaina ina rarrafowa daga ƙarƙashin randar amarya a gaban samarin da muka yi wasan ƙasa tare. Na hango labarin ya riga ni isa shagon ɗinki. Sai na yanke shawara irin ta wawaye: in yi lamo, in sun gaji da jira za su tafi neman Inna, ni kuma in sulale in fito in ce fitsari na je. Ban ma tsaya tunanin cewa daga ciki, a yadda nake a naɗe, ba zan iya ɗaga ta ba.

Goggo ta sake bugawa. Dum. Ta zagaya ta buga ɗaya gefen. Dum. Randar da mutum ya cika ta da bayansa da gwiwoyinsa ina za ta samu amo? Na ji ta ce, "Kai," a hankali.

Sai ga silifas ɗin Inna.

Aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen gida, ya shanu, ya amarya, ya haƙurin zaman da muke ciki, Allah shi kawo muna sauƙi. Aka koma aka sake daga farko. Ni ina ciki gumi na shiga mini ido, ƙafata ta dama ta mutu tun tuni. Inna ta tambayi inda nake, aka ce ba a tarar da kowa ba. Ta yi tsaki ta ce, "Yaron ga ba ya zama wuri guda." Sannan muryarta ta washe.

"Hurera, ga ta nan. Buga ki ji."

Goggo ta ce, "Yaya, na buga."

"To?"

"Ki dai buga da kanki."

Na ji yatsan Inna a saman kaina. Dum. Ta dakata. Ta koma gefe, dum. Ta sunkuya ƙasa kusa da baki, dum. Na tattara iyakar ƙarfina na janye bayana daga jikin randar, na riƙe numfashi, wai ko za ta yi amo su rabu da ni. Da na janye baya sai gwiwa ta manne, da na janye gwiwa sai kai ya tokare. Ta sake bugawa, amsar ba ta canza ba.

Ka san kasuwa, ba a gayyatar kowa. Ƙafafu suka fara taruwa ta ɗan ramin da nake leƙe. Na ji wata daga cikin masu tukwane tana cewa, "Randar Inna ta? Mai tsaga?" Wata ta ce ai yumɓun yanzu sai a hankali. Na ji tafin hannun Inna yana shafa randar daga sama har ƙasa, tana neman tsagar.

Goggo ta ce, "Ƙila hanya ta, Yaya. Kin san ramukkan hanyag ga."

"Randad da tag gasu ba ta jin hanya," in ji Inna. Muryarta ta sauya, ta yi ƙasa. "Tsagar ɓoye ta. Tun gida tana nan, ni ce ban ji ba. Na buga ta, Hurera, na ji ta yi amo. Ashe hannu ya tahi, kunne ma ya bi shi."

"Haba Yaya. Ba komi, ni ina so hakanan. Ko gero sai a zuba ciki."

"Ɗiyarki ba ta shiga ɗaki da randar gero. Ba daga hannuna ba."

Sai na ji Inna tana jan hanci. Ban taɓa jin Inna ta yi kuka a gaban mutane ba, ko ran da muka baro ƙauye ba ta yi ba. Ta ce, "Na aje gini daga yau. Dama na san za a zo nan." Tazarar da ke tsakanina da hannunta ba ta wuce kaurin randar ba. Kalma ɗaya ta isa. Na buɗe baki, na tuna yawan ƙafafun da ke waje, na mayar na rufe.

Sambo, babban ɗan Goggo, ya ce, "Inna, bari mu birkito ta a duba cikin."

Inna ta ce, "A'a, bar ta. Abin da kunne yaj ji ya isa." Kada ka so ka ga irin godiyar da na yi wa Allah a lokacin (ka ga dai irin mutumin da ake fama da shi). Godiyar ba ta yi nisa ba, domin na manta wata ɗabi'ar Inna. Ba ta mayar da kaya mai tsaga gida, ba ta kuma bayar da shi kyauta. A gaban mai saye take fasa shi, don kada gobe wani ya ɗauka ya sayar a ce gininta ne.

"Sambo, miƙo min dutsen can na murhun mai waina."

Na ga an mirgino dutsen ya wuce ta gaban ramina, baƙi ƙirin, girmansa ya kai kan jariri. Goggo tana ba ta haƙuri, mata suna cewa ta bari. Na ga silifas ɗinta sun ware, ta gyara tsayuwa. Na ga inuwar hannuwanta ta yi sama. Kuma gindin randar, inda za ta sauke dutsen, shi ne daidai ƙeyata. Ta ce, "Bismillahi."

"Inna! Kada ki hwasa! Ni na!"

Ban san haka murya ke fita daga cikin randa ba. Ni kaina da na ji ta sai da na firgita, wata irin gurnani ce mai kauri, kamar daga cikin rijiya. Abin da ya biyo baya ban gani ba, ji na yi. Wata ta ƙwalla ƙara ta ce aljani. Ƙafafun nan duka suka watse lokaci guda. Na ji ƙananan tukwanenmu suna rugurgujewa a ƙarƙashin masu gudu. Na nesa da suka ga na kusa suna gudu ba su tsaya tambaya ba, a garuruwanmu yanzu ba a tambaya. Kafin ka ce me, gefen kasuwar nan ya hautsine, ana jan ƙofofin shaguna, mata na kiran 'ya'yansu, awaki na tsalle da igiyoyinsu. Gudun da na ji tsoro tun safe ya tabbata, kuma ni na haddasa shi.

Sai ga wasu takalman daban, manya, sun kewaye ni. 'Yan sa-kai ne. Wannan karon ƙarfen da ya taɓa randar bakin bindiga ne na gaske, na kuma ji an ɗana ta.

"Wa ac ciki? Mutum ko aljan? Ka yi magana ko mu sakam ma wuta!"

Wani ya ce, "Ƙila mai kai rahoto na, ya ɓoye yana buga ma ɓarayin daji waya."

Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da wannan zargi ke jawo wa mutum, kuma ba a cika tsayawa dogon bincike ba. Na yi ta motsa baki ba abin da ke fita. Sai na ji an jefar da dutse ƙasa, tim, sannan muryar Inna, ba kuka a cikinta yanzu ko kaɗan:

"Ku sauke bindigoginku. Ɗana na. Na gane muryas sakarai."

Aka kama randar aka ɗaga a hankali, Inna na cewa a bi sannu da bakinta (bakin randar take nufi, ba nawa ba). Haske ya dalle mini ido. Ina nan tsugune a tsakiyar taya, jiƙe sharkaf, jar ƙasa ta ɓata ni tun daga hula har wando. Na yunƙura in miƙe, ƙafafun suka ƙi, sai da na rarrafa na fita daga cikin tayar a gaban 'yan sa-kai, da 'yan rakiyar amarya, da duk waɗanda suka fara dawowa daga gudu. Goggo Hurera tana zaune daɓas a ƙasa tana salati, ɗankwalinta a hannu.

Babban 'yan sa-kan ya ce, "Kai, mi kaka yi ciki?"

Na ce, "Ina... ina duba ko akwai tsaga ta ciki."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Sambo ya dube ni, ya dubi baburansu, ya dubi tabarmin amarya da ke naɗe a bayansu. Ya ja rawaninsa ƙasa, na ga fuskar da na sani tun muna yara. Ya ce, "Auta, mu kag gani kaɓ ɓoye?" Bai faɗa da fushi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai. Mai igiya ne ya fara fashewa da dariya, shi da ya kunna mini wutar tun safe, daga nan kowa ya kama. Har wanda ya ɗana bindiga sai da ya dafa ɗan'uwansa.

Inna ba ta dube ni ba. Ta sa aka mayar da randar kan taya, ta lanƙwasa yatsa ta buga. Ƙauuu. Amon ya tashi ya ratsa dariyar, har mutane suka yi shiru. Ta zagaya ta buga ɗaya gefen, ta sake zagayawa ta buga, ta ƙara, kamar mai gaisawa da wanda aka ce ya mutu. Goggo ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Sannan ta ce a samo ruwa da toka a wanke cikin randar sosai kafin a kai wa 'yarta, ta faɗa tana kallona, ban kuwa ga laifinta ba.

Na yi ta bin mutane ina ba da haƙuri, daga 'yan sa-kai har mai wainar da aka ɓarar wa ƙullu. Na tsince tsingaron tukwanenmu da aka tattake na zuba a buhu. Da la'asar muka hau mota. Wannan karon ban kalli daji ba ko sau ɗaya, fuskar Inna nake satar kallo. Muka yi ta tafiya har muka hango fitilun Mafara. Sannan ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Ɓoyon da kay yi ban ga laihinka ba. Ni ma da na ga mashinan da gudu zan yi. Wanda yag ga abin da munka gani ba a yi mai dariyat tsoro." Ta gyara mayafi. "Amma ka ji ni ina kuka, kana nan ƙarƙashin hannuna, kay yi shiru."



Labarin ya riga ni isa shago, kamar yadda na zata, kuma ban mutu ba. An yi dariya, an sa mini suna, masu kawo ɗinki sukan ƙwanƙwasa teburina su kasa kunne kafin su yi sallama. Duk wannan da shi na yi ta gudu har na bar tsohuwa ta zubar da hawaye a kasuwa, ga shi na saba da shi cikin 'yan kwanaki. Abin da na koya shi ne, in ka yi abin kunya ka fito tun mutane ba su taru ba, domin jira ba ya rage 'yan kallo, kuma kafin ka gama lissafin mutuncinka wani na can yana biyan kuɗin shirunka da hawayensa.

Inna ta ci gaba da gina manyan randuna, har daga Bakura ake aiko mata. Sai dai na lura yanzu tana matse musu baki fiye da da. Wata mai saye ta tambaye ta dalili a gabana, ta ce don kada wani abu ya faɗa ciki. Ban ɗago kai ba, ban kuma tambayi ko wane abu ba ne.